Rufin Dutse

A Jirokastra, can cikin tsaunukan Albaniya,
dutse muke shimfiɗawa mu taka,
dutse muke ɗorawa a ka mu kwana.
Sunana Thoma, shekaruna saba'in da huɗu,
gwiwata ta hagu ta riga kowa sanin ranar ruwa.

Ubana ya koya mini jera falalen dutse,
ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi,
ba siminti, ba ƙusa,
nauyinsu kaɗai ke riƙe da juna.
Ya ce rufi ɗan'uwan zumunci ne, a ƙafa yake,
ranar da ka daina hawa, ranar zai fara yoyo.

Sai shekarun tafiya suka zo.
Samari suka haure tsauni zuwa Girka,
suka bar makullai a hannun tsofaffi,
tsofaffi suka bar wa tsatsa.
Gidan su Kalo ya soma zubewa ta kusurwar gabas,
ɓaure ya tsiro a ɗakin baƙi.
Na tura gudumata ƙarƙashin gado,
na koma kiwon zuma.

Bara waccan Mirjeta ta zo daga ofishin gari
da taswira, da takalmi mai santsi,
sau biyu ta faɗi kafin ta iso ƙofata.
Wai za a gyara layin tsohuwar kasuwa,
a kafa allo a jikin kowane gida,
baƙi su zo su karanta, su biya, su kwana.
Na ce, allon ne zai hana yoyo?
Ta ce, kuɗin baƙin ne zai sayo dutsen.
Na yi shiru.
Ta fi ni gaskiya, ban dai gaya mata ba.

Baƙi kuwa sun zo,
da huluna masu faɗi, suna haki a hawan tudu,
suna ɗaukar hoton kyanwa a taga,
hoton ƙofa, hoton ni kaina
ina cin burodi da cuku a kan tsani.
Wata ta tambaya ko fatalwa na kwana a bene.
Na ce jemagu ne. Ba ta ji daɗi ba.

Allon ya ce gidan wani attajiri ne, mai fataucin taba.
Bai ce uffan ba kan mutum goma sha ɗaya
da suka sauko da dutsen a bayan alfadarai.
Sunayensu na nan a karce,
ƙarƙashin falale na uku daga bututun hayaƙi.
Na ɗaga, na karanta, na mayar yadda na tarar.

Akwai wani yaro, Orgest, a bakin kasuwa,
yana sayar da 'yan gidajen yumɓu, iya tafin hannu.
Na ɗauki ɗaya na juya,
na ce, rufin nan naka ƙarya ne,
ka fara jeri daga sama, ruwan fari zai cika ɗaki.
Ya ce, Baba, ai ba wanda zai kwana a ciki.

Washegari na tarar da shi a gindin tsani,
wai leƙawa kawai zai yi, ya gyara na sayarwa.
Wata bakwai ke nan yana leƙawa.
Ya fasa mini dutse arba'in,
farcensa ya yi baƙi, ya faɗi, ya sake fitowa.

Daren jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Muka zauna a ɗakin baƙi na gidan su Kalo,
daidai inda ɓauren nan ya taɓa tsayawa,
da kwano a gabanmu, muna sauraren sama.
Ɓangaren yaron, ko ɗigo.
Can sai kwano ya ce ƙwal,
ya sake cewa ƙwal,
daga kusurwar da ni na jera da hannuna.

Orgest ya ji sarai.
Ya kau da kai, ya gyara fitila,
ya ce gobe da sassafe zai hau,
wai ya manta gudumarsa a can.